Tabon Da Waya Ta Share

Tsakanin Mai Agogo da wayar hannu akwai tsohuwar gaba, kuma ba shi ya fara ba. Yana zaman zamansa a shago yana gyaran agogunan mutane, waya ta zo ta fara faɗa musu lokaci kyauta. Ta cinye rediyo yana kallo, ta cinye tocila bai ce komai ba. Har rabin shagonsa ta cinye, don yanzu wani Mai Caji ne a ɓangaren ƙofa, yana sayar da caja da gilashin waya da wasu igiyoyi masu kala-kala, shi kuma an tura shi can ciki da teburinsa da 'yan ƙananan sukudirebobinsa. Duk wannan ya haƙura. Amma ya sha alwashin cewa kyamararsa kam, sai dai waya ta gan ta ta ƙyale.

Kyamarar baƙa ce, mai nauyi, da igiyar ratayawa wadda gumin wuyansa ya riga ya cinye mata launi. Ba sana'a yake yi da ita ba. Aikinta na gaske ɗaya ne a shekara: duk watan da ya zagayo na aurensu, sai ya zaunar da matarsa a kujerar da ke gefen taga ya ɗauke ta hoto. Matar tasa tsohuwar malamar firamare ce, shi ya sa kowa, har shi, Malama yake ce mata. Hotunan suna jere a bangon falo cikin firam, shekara talatin da ɗoriya, kujera ɗaya, taga ɗaya, labule ne kawai yake sauyawa, sai kuma fuskar da take sauyawa a hankali yadda mai kallo ba zai ce ga inda abin ya fara ba.

Ɗaukar hoton kuwa wahala ce, a faɗi gaskiya. Mai Agogo ba ya gaggawa. Sai ya ja labule, ya mayar, ya durƙusa, ya miƙe, ya rufe ido ɗaya, ya ce ta ɗan ɗaga haɓa, ya ce a'a ta yi yawa. Yana jira ne har murmushin da ta shirya ya gaji ya sauka, ta fara harararsa, dariya ta kusa ƙwace mata. A nan yake latsawa, sau ɗaya tak. A kowane hoto kuma ana ganin ɗan tabon da ke girarta ta hagu, wanda ya raba gashin girar biyu. Agogon bango ne ya faɗo mata a makon farko na aurensu, saboda ƙusar da ango ya kafa ba ta kama ba. Mai gyaran agogo guda ya kasa rataye agogo. Har yau in suka yi saɓani sai ta ɗora yatsa a wurin, magana ta ƙare.

To bana da watan ya kama, ya sauko da kyamarar daga saman kabad yana goge ta da bakin riga, Malama ko ɗago kai ba ta yi ba daga ninkin kayan da take yi.

"Ka mayar da abarka. Bana na huta."

"Kin huta da me?"

"Da zaman rabin awa kamar wadda aka kai ƙara. Kuma kyamarar nan taka ba ta da kunya. Duk abin da ta gani sai ta faɗa. Dubi na bara, kamar ban yi barci ba tun da aka haife ni."

"Ai gaskiya ta faɗa."

"Gaskiyar da ba ta da ladabi. Auta ta sayi sabuwar waya, jiya ta ɗauke ni kafin in ƙifta ido. Wannan ita ce ta san darajar manya."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai ta rage a gidan. Daga ɗakinta ta leƙo tana ɗaura takalmi, ta ce, "Baba, zamani riga ne. Ka bari mu hutar da kai."

Ya mayar da kyamarar saman kabad, ya ɗauki hularsa ya fita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, fiye da ranar da aka raba masa shago biyu. A bangon falo akwai ƙusar da ya riga ya kafa tun makon jiya, kuma wannan karon ya tabbatar ta kama, ga shi za ta zauna babu abin ratayawa.

A shago Mai Caji ya lura da fuskarsa, ya kuma yi abin da ya saba, wato ya ƙara gishiri.

"Baba, ai ko ta yarda, kyamarar ce za ta ƙi. Tun bara na ce maka batirinta ya fara kumbura, kuma an daina kawo irinsa. Nan da 'yan shekaru, yaro in ya ga kyamara zai tambaye ka ta ina ake kira da ita."

"Kai dai sayar da igiyoyinka."

Wajen azahar wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Yana da waya, kada a ce ba shi da ita; 'ya'yansa ne suka tilasta masa, kuma yana riƙe ta ne kamar yadda ake riƙe kofi mai zafi. Ya duba, lamba ce da bai sani ba. Babu sallama, babu suna, hoto ne kawai. Hoton wata mace, fuska sumul, ido manya, kumatu na sheƙi, tana murmushi kai tsaye cikin idonsa. Bayanta duk ya dushe, ba a gane ɗaki ne ko titi.

Ya kife wayar a kan tebur, ya waiga ko Mai Caji ya gani. Can ya sake buɗewa. Matar ta yi masa kama da wani da ya sani, har ɗankwalinta irin wanda Malama take da shi ne, amma ai ɗankwali a kasuwa ake sayarwa. Ya ɗauko ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya sunkuya ya binciki girar hagu tun daga farkonta har ƙarshe. Gira lafiya lau, ko gashi ɗaya bai kauce ba. Shi ke nan, ba ita ba ce, ba kuma danginta ba ce da ya sani.

Ya sha jin labarin irin waɗannan a bakin Mai Caji. Yau hoto, gobe gaisuwa, jibi mutum ya wayi gari mutuncinsa yana yawo a wayoyin mutane. Ya yi tunanin ya goge, sai ya tuna bai iya gogewa ba, in kuwa ya ba Mai Caji ya goge masa, kafin la'asar duk layin shagunan ya ji. Kuma Malama takan ɗauki wayarsa ta kira yayarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya rufe teburinsa tun rana tana sama, ya nufi gida da saurin da gwiwoyinsa suka daɗe ba su gani ba.

Ya tarar da ita a falo, Auta ta dawo daga aiki tana zaune a hannun kujera. Su biyun suka kalle shi kamar masu jiran wani abu, amma hankalinsa bai kai nan ba.

"Auta, ba mu wuri."

"Baba, lafiya?"

"Lafiya. To zauna ma, ki zama shaida." Ya miƙa wa Malama wayar da hannu biyu. "Wata ce ta turo min wannan. Ban san ta ba, ban taɓa ganinta ba, ban san inda ta samu lambata ba. Ban amsa mata ba. Na ce gara ki ji daga bakina."

Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Malama ta kalli hoton, ta kalli mijinta, sai dariya ta ƙwace mata, har da riƙe ciki.

"To ya ka gan ta? Kyakkyawa ce?"

"Ban tsaya kallo ba."

"Malam, faɗi gaskiya."

"To, ba laifi. Amma irin fuskar nan ce da in ka gani yau, gobe ka manta. Ba ta da inda ido zai kama."

Auta ta kasa daurewa. "Baba, Mama ce fa. Sabuwar lambata ce. Ita ta ce in turo maka kada in rubuta komai, wai ka ga aikin waya."

Mai Agogo ya karɓi wayar ya sake dubawa, ya dubi matarsa, ya girgiza kai.

"A'a. Na duba da gilashi. Babu tabo."

"Wayar ce take gyarawa da kanta," in ji Auta. "Tana share irin su tabo da layukan fuska."

"Wa ya ce ta share?"

Bai faɗa da faɗa ba, tambaya ce tsakaninsa da Allah. Dariyar Malama ta tsaya a hanya. Ta karɓi wayar ta kusantar da ita ga fuskarta. Tun jiya take kallon hoton nan tana jin daɗi, ta nuna wa maƙwabciya, ta tura wa yayarta, amma ba ta lura girar ta haɗe ba. Yanzu da ta lura sai ta ji wani iri. Wannan matar ba a taɓa jefa mata agogo a ka ba. Ba ta yi renon yara biyar ba, ba ta yi shekaru tana ɗaga murya a aji ba, kuma mutumin da ya fi kowa sanin fuskarta ya dube ta da gilashi bai gane ta ba. Ta ɗaga kai ta bi hotunan bango da kallo har ta kai kan ƙusar da babu komai.

Ta tashi, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta tura shi baya kaɗan yadda girar za ta fito, ta je ta zauna a kujerar gefen taga.

"Rana tana tafiya," ta ce. "In za ka yi, ka yi."

Mai Agogo ya sauko da kyamarar. Ya rataya, ya ja labule, ya durƙusa, ya latsa maɓallin kunnawa. Shiru. Ya sake latsawa. Ya buɗe murfin batiri, da ƙyar ya zaro shi, ya kumbura ya yi ciki kamar burodi. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu. Maganar Mai Caji ta tabbata, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar mai surutu ya yi gaskiya.

Auta ta matso a hankali ta miƙa masa wayarta. "Baba, na kashe gyaran. Abin da ta gani shi za ta faɗa."

Ya kalli wayar kamar an miƙo masa hannun abokin gaba. Sannan ya karɓa. Bai cire kyamarar daga wuyansa ba. Ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya, ya manna wayar a ɗayan idon har hancinsa yana taɓa gilashin.

"Baba, ba haka ake riƙewa ba, nesa ake..."

"Ƙyale shi," in ji Malama.

Ya matsar da wayar da kansa da ya ga duhu kawai yake gani. Ya ce ta ɗaga haɓa. Ya ce ta yi yawa. Ya tashi ya gyara labule, ya dawo. Wayar ta gaji ta kashe fuskarta, Auta ta kunna, ta sake kashewa, ta sake kunnawa. Murmushin Malama ya gaji ya sauka.

"Wai abin da yara suke yi kafin ƙiftawar ido," ta ce, tana harararsa, gefen bakinta yana motsi, girar hagu ta ɗaga ta rabu biyu daidai inda ta saba.

Ya latsa, sau ɗaya. Ya laluba aljihu ya ɗauko ɗan gilashinsa, ya maƙala a ido, ya sunkuya kan wayar ya duba da kyau. Sannan ya sauke numfashi ya ɗago.

"Yawwa," ya ce. "Wannan na san ta."