Audugar Da Aka Rage

"Warware," in ji Gwaggo.

Mai Shago ta ɗago kai daga saƙar, gumi na bin wuyanta. "Haba Yaya, wane irin warware kuma? Tun ɗazu fa nake fama da layin nan."

"Kin tsallake ido. Daga nan ina gani. Warware."

Ka ji mace! Tana kwance numfashi da ƙyar, ruwa ma sai an ɗiga mata da cokali, amma idonta na kan kwarashin mutane. Mai Shago ta haɗiye tsaki, ta ja zaren, layi guda ya zube mata a cinya.

Katanga ɗaya ce tsakanin shagonta da gidan Gwaggo. Tun da aka yi wa Gwaggo aiki aka cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji, ta tara matan layin a tsakar gidanta tana koya musu saƙa nonon zare, irin wanda ake cusa wa auduga a sa a cikin rigar mama. Kyauta suke kaiwa asibiti, a raba wa matan da aka yi wa irin aikinta. Mai Shago ma ba ta fashin zuwa, sai dai kowa ya san aikinta naɗe zare ne da kawo labari. Hannunta na ɗaga buhu ne. Guda ɗaya da ta taɓa gamawa, Gwaggo ta ɗaga shi sama ta tambayi mata ko akwai mai jaririn da ke neman hula.

To yau ga shi abin ya faɗo a kanta ita kaɗai. Ciwon ya dawo, likita ya sallamo Gwaggo gida, kuma ba don ta warke ba. Auta, 'yarta da ke aiki can nesa, ta riga ta kamo hanya. Da safen nan Gwaggo ta riƙe hannun Mai Shago ta ce, "Rabon yarinyar nan da ni, ina da jikina. Abin da ta gani yau shi za ta riƙe har ta tsufa. Ba za ta same ni a kwance da shafaffen ƙirji ba. A zaune za ta same ni, rigata ta zauna daidai."

"To ina naki na sawa?"

Ashe ta bayar. A kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti, wata matashiya a gadon kusa da ita ta ƙi fita ko ƙofa don kunya, Gwaggo ta sa aka wanke nata ta miƙa mata. Waɗanda aka gama kuwa, duk an kwashe an kai asibiti. Mai Shago ta bi matan saƙar da waya ɗaya bayan ɗaya. Wata wayarta a kashe, wata tana wurin aiki, wata ta ce gobe da sassafe za ta kawo mai kyau. Mai Shago ta dubi fuskar Gwaggo, ba ta ga alamar za ta jira goben ba. Shi ne ta rufe shago ta ɗauko kwarashi.

Zama ya gagare ta. Ta tashi daga kujera ta koma bakin gado, ta tashi daga nan ta matsa jikin taga neman haske. Zaren ya gangara ƙarƙashin gado, ta durƙusa ta lalubo shi. Can a waje wani ya dage yana dukan ƙofar shago.

"An rufe!" ta ƙwala ta taga.

"Sabulu kawai zan saya!"

"Ka yi wankan gobe!"

Wayar ta yi ƙara. Auta ce. "Inna, tayarmu ta fashe, amma ana gyarawa. Yaya jikin nata? Don Allah ki gaya min gaskiya."

"Tana nan tana yi min faɗa. Ke dai ki taho."

Ta ajiye wayar ba ta san me za ta roƙa ba, motar ta yi sauri ko ta yi jinkiri. Tsoro take ji sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Gwaggo ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Duk layin da Mai Shago ta kai ƙarshe sai ta tsaya ta zuba wa bargon ido, sai ta ga ya ɗaga ya sauka sannan ta ci gaba.

Da ta zo inda ake daina faɗaɗawa, ta rasa wanda za ta tambaya. Gwaggo kan ce a dubi mai shi a yi awo. To wa ya kai Mai Shago sanin Gwaggo? Mace ce cikakkiya, mai ƙirji, wadda in ta tsaya a ƙofar shago sai ta tare haske. Ta ƙara layi, ta sake ƙarawa, sannan ta juya ta saƙa bayan, ta bar 'yar kafa yadda aka koya musu. Ta dinga tura auduga da babban yatsa har abin ya cika ya yi tim. Wallahi ya yi kyau. Ita kanta sai da ta juya shi a tafin hannu tana mamaki.

"Yaya. Yaya, tashi ki gani."

Gwaggo ta buɗe ido a hankali. Ta shafa saƙar da yatsa, ta bi layukan, ba ta ce a warware ba. Mai Shago ta tallabo ta, ta jera mata matasan kai a baya, ta ɗauko rigar mama da shuɗiyar rigar da ta ce a goge. A nan ne hannunta ya tsaya. Kwana da kwanaki tana shigowa ɗakin nan, amma kullum ta saman bargo take ganinta. Ƙasusuwan haƙarƙari duk a waje. Nonon da ya rage ya zube, bai fi cikin tafin hannu ba.

Ta dai sa na zaren a gurbinsa. Ya yi tsaye ƙato a gefe guda, rigar ta karkace.

Gwaggo ta sunkuya ta duba, sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya take, ba sauti. "Ke 'yar nan. Gwaggon bara kika saƙa wa."

Mai Shago ta fashe da kuka. "Na ɓata, Yaya. Na ɓata, ga shi ba lokaci."

"Yi min shiru. Kafar da kika bari ta mece ce? Rage."

Ta zaro shi ta fara ciro auduga. Ta ciro, ta gwada, ya yi yawa. Ta sake cirowa. Tulin auduga ya taru a kan bargo, wayar kuma ta hau ruri. Auta ce, sun shigo gari. Mai Shago ta tattara audugar za ta tura ƙarƙashin matashi.

"Ina za ki kai ta?" in ji Gwaggo. "Kawo nan. Cusa min a ɗaya ɓangaren."

"A mai lafiyar?"

"Wane mai lafiya? Cusa, ki baje ta da kyau kar ta yi ƙulli."

Haka aka yi. Aka raba, rabi a cikin saƙa, rabi a ƙarƙashin nata na jiki. Mai Shago ta ja rigar ta daidaita, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ja baya ta duba. Ba Gwaggon bara ba ce, amma mace ce zaune da rigarta daidai.

Sai jira. Kan Gwaggo ya riƙa rinjaya gefe, tana maido shi da ƙarfin hali. "Yaya, ki ɗan kwanta, in na ji mota sai in tashe ki."

"In na kwanta ba zan tashi ba. Riƙe min baya."

Mai Shago ta zauna a gefenta ta zura hannu ta bayan matasan kai ta tokare ta. Duk motar da ta wuce sai ta kasa kunne. Hannun ya yi tsami, ya mutu, ba ta motsa ba. Har aka ji tsayuwar mota, aka ji gudu a tsakar gida, labule ya ɗaga.

"Mama!"

"Ji ta," in ji Gwaggo, muryarta ta fito tas kamar ba ita ba. "Kin shigo min da takalmi har ɗaki."

Auta ta zube ta kifa kai a ƙirjin uwarta tana kuka tana dariya. Gwaggo ta ɗora mata hannu a ka. Sun yi 'yar hira, ta tambaye ta hanya, ta ce mata ta yi baƙi, ta ce a ba ta ruwa ta sha ta huta. Sannan ta ce yanzu kam a kwantar da ita.

Ba ta kai faɗuwar rana ba. Ta cika, hannunta a cikin na Auta, ba wata wahala.

Da kukan ya ɗan lafa, Auta ta share fuska ta ce, "Inna, duk hanya ina tsoron abin da zan tarar. Na ɗauka ta ƙare. Ashe da sauran jikinta."

"Da saura," in ji Mai Shago. "Je ki kira 'yan'uwanki a waya, ni zan gyara ta."

Auta ta fita. Mai Shago ta saki labule, ta sunkuya ta ce, "Yaya, bari in ɗauke kayanmu." Ta zaro saƙar, ta tsince audugar ɗaya gefen tsaf, ta ja bargo ta rufe. Tsakar gida ta fara cika da mata, ta ratsa su hannunta a dunƙule cikin mayafi. Ba ta buɗe shagon ba. Ta zauna a dakalin ƙofa, audugar a tafin hannunta, har yanzu da sauran ɗumi.