Ranar da Kyamara ta Durƙusa wa Baba

Saura kwana huɗu Baba ya koma Maraɗi, kuma ya rantse daga wannan tafiyar shi da jirgin sama sun yi sallama. Shekararsa tamanin da uku, wa zai ja da shi? Shi ya sa 'yata Afnan, mai karatun haɗa fim a nan Greensboro ta Amurka, ta dage sai ta ɗauki labarin rayuwarsa. Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Mahaifina ne, amma ban taɓa jin yadda suka haɗu da marigayiya Inna ba, in kuwa ya tafi da labarin a cikinsa, shi ke nan.

Ranar farko ta kafa kyamara a kan dogayen ƙafafunta a falonmu na McLeansville da ke gefen garin, Baba yana zaune kan darduma don shi ba ya shiri da kujera. Mutumin da ke cika gida da hira sai ya koma kamar mai jiran hoton fasfo.

"An haife ni. Na yi dukanci. Alhamdu lillahi."

Rana ta biyu ko dukancin ma bai ambata ba. Haushi ya ishe ni har na ƙona miya.

Washegari Afnan ta dawo daga makaranta baki har kunne. Malaminsu Harrison ya nuna musu aikin wani tsohon daraktan Japan da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar iyalai suna cin abinci suna hira, kyamararsa can ƙasa, daidai idon wanda ke zaune a tabarma, ko motsi ba ta yi. Wai har gobe masu fim koyi suke da shi.

"Mama, I have to try it," in ji ta.

Na ce, "Gwada mana. Amma ina Japan, ina Maraɗi?"

Ta cire ƙafafun nan, ta kife tukunyar tuwona a gaban Baba ba tare da ta tambaye ni ba, ta ɗora kyamarar a kai, ta durƙusa a bayanta. Baba ya dubi kyamara, ya dubi jikarsa.

"Yauwa, sai yau kyamarar nan ta koyi gaisuwa! Kwana biyu tana tsaye ƙerere a kaina kamar jandarma, ni kuma in buɗe mata cikina? Wa ya yi mata tarbiyya?"

"Wani Bajapane ne, Kaka. Ya daɗe da rasuwa."

"Lallai ɗan gidan mutunci ne. Amarya, zuba mini shayi," ya ce da Afnan.

Daga nan bakin Baba ya buɗe. Ashe Inna fura take sayarwa kusa da rumfarsa, ta kawo masa gyaran takalmi, shi kuwa da gangan ya yi ɗinkin sako-sako don ta dawo. Sau uku tana dawowa. A na huɗu ta ajiye masa takalmin ta ce in aurenta yake so ya je ya ga baffanta, ya bar ɓata mata kaya.

Na zube a ƙasa ina dariya har da hawaye, daɗi ya rufe ni. Baba ya kurɓi shayi, ya girgiza kai yana murmushi.

"Aïchatou ke nan," ya ce. "Aïchatou!"

Shekara tara da rasuwar Inna, sai ranar na ji sunanta a bakinsa.