'Yan Kallon Katako

"Wa ya ba ka izinin zana yayana?" na ce, ina tsaye a ƙofar ɗakinsa da zarto a hannuna.

Mai Shela bai ko waiwayo ba. Yana durƙushe gaban katakon, yana ƙarasa gashin baki da ɗan buroshi. Ni na yanka katakan nan da hannuna, guda sittin, kowanne siffar mutum a zaune. Cewa ya yi zai ɗan shafa musu fenti. Ban san fuska zai yi musu ba, balle fuskar yayana da muka binne shekara goma sha ɗaya, har da karyayyen haƙorinsa na gaba.

"Layi na uku, kujera ta bakwai," ya ce. "Can yake zama. Ka manta ne?"

Na bi ɗakin da kallo. Ga su nan a jingine da bango: telan bakin kasuwa, direban motar ruwa, malamin lissafin da ya sha zane mu. Babu mai rai ko ɗaya.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Masu rai sun ƙare ne?"

"Masu rai ba sa zuwa, Kafinta. A ina zan ga fuskarsu?"

Shekara talatin katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Shi ne mai sanarwar kulob ɗin ƙwallon unguwarmu tun filin yana cika har bisa itatuwa. Yanzu kowa ya koma gidan kallo, ana ta haƙilo a kan 'yan wasan da ba su san da zamanmu ba. Sai ga takarda daga hukumar wasanni: ranar wasan ƙarshe na bana za a turo mai dubawa, in ya tarar da kujeru wayam kamar kullum, za a soke kulob ɗin, a ba masu manyan motoci filin su riƙa ajiya.

Ba abin da bawan Allahn nan bai gwada ba. Ya ce mata su shiga kyauta, mata uku suka zo, biyu ma neman mazansu suke. Ya sa cankar tikiti a kan kyautar fanka, wanda ya ci ya saɓa abarsa ya tafi tun kafin a busa usur. Ya shirya tseren masu tumbi a lokacin hutun rabi, ni ma ya ja ni ciki, na zo na huɗu cikin mutum huɗu. Daga ƙarshe ya ce ya gano bakin zaren: mutum ba ya zuwa sai inda ya hango mutane. Shi ya kawo zancen katako.

Saura wasa biyu a gida muka kai su. Na ce mu jera su kawai mu huta, ya ƙi. Kowanne sai ya kai shi kujerarsa ta da, ya ɗaure da waya, yana haki yana tari. Da muka gama na sauka tsakiyar fili na juyo. Rana tsaka ce, amma wallahi sai da na ji sanyi. Iska tana ɗan kaɗa su, kawunan suna sunkuyawa suna ɗagowa, duk suna kallona.

Ranar wasan farko masu rai ba su kai arba'in ba. Wata mai sayar da ruwa ta hau layi na biyar, sai muka ji farantinta ya tarwatse a kan siminti.

"Baba!" ta ce. "Wayyo, Babana ne!"

Ta zauna kusa da shi, ba ta ƙara sayar da ko leda ɗaya ba har aka tashi. Kafin kwana biyu magana ta gama gari. Wasu suka ce wannan rashin ta-ido ne, a bar matattu su huta. Amma su ɗin ne dai ke kewayowa da yamma suna leƙe ta ramin katanga, ko za su hango nasu.

Mai Shela ya ga haƙa ta kusa cimma ruwa. Muryarsa tana ta dushewa, don haka ya naɗi sanarwarsa a waya tun da sauran ƙarfi, ya ɗaura wa wani mai babur lasifika, ya ce ya riƙa zaga layi-layi har ranar Asabar ta wasan ƙarshe. Shi kuwa ya kwanta. Uwargidansa ta ce min ya fi wata biyu abinci ba ya zama a cikinsa, ya hana ta faɗa.

Ranar Talata na shiga duba shi. Ɗakin yana ta warin fenti da magani. Ya rame har zoben hannunsa ya koma babban yatsa.

"Ka zo da tef ɗinka?" ya ce.

"Na me?"

"Auna ni. Ka yanko min ɗaya. Fuskar ni zan zana, ga madubi nan."

Na ji haushi, irin haushin da tsoro ke kawowa.

"Ba zan yi ba. Mugun fata kake yi wa kanka? Ranar Asabar da ƙafarka za ka je, ka cika mana kunne kamar yadda ka saba."

"Kafinta, ɗan katako ne fa."

"Ko na zinariya ne. Ka nemi wani."

Ya yi murmushi, ya juya fuska bango. Na fito ina jin na yi abin kirki.

Ranar Alhamis da hantsi ina goge ƙofa a shagona na gida na ji salati ta bayan katanga. Na ajiye abin da ke hannuna.

Da yamma, mun dawo daga binne shi, muna zazzaune a ƙofar gida an yi jugum, sai muryarsa ta ɓullo daga ƙarshen layi, garau, irin ta da.

"Jama'a, ku fito! Asabar ƙarfe huɗu! Naku suna can suna jiran ku! Kar ku bar su su kaɗai!"

Mai babur ɗin bai ji labari ba. Wani tsoho kusa da ni ya runtse ido yana karanta addu'a. Ƙanin mamacin ya miƙe zai tare shi, sai uwargidan ta leƙo ta bakin ƙofa.

"Ku ƙyale shi," ta ce. "Ku bar shi ya gama zagayensa."

Muryar ta wuce ta gabanmu a hankali, ta sha kwana, muna jin ta tana nisa.

Ranar Asabar tun ƙarfe biyu layi ya kai bakin titi. Ban taɓa ganin taron ƙwallo mai shiru irin wannan ba. Kowa ya shigo sai ya bi kujeru yana duba fuskoki. Da wuri ya ƙare, mai dubawa ya ce a kwance katakan nan a ba mutane wurin zama. Ba wanda ya yarda a jefar da nasa. Kowa ya warware wayar, ya zauna a kujerar, ya ɗora nasa a cinya. Ni ma na ɗauki yayana. Haka muka kalli wasan, kai biyu-biyu a kowace kujera. An ci mu ɗaya da nema. Mai dubawa ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce fili yana nan.

Da aka tashi ba wanda ya mayar. Titi ya cika da mutane suna tafiya gida, wannan ya rungume ubansa, waccan ta saɓa mijinta a kafaɗa.

A bakin ƙofar fita na ga uwargidan Mai Shela. An hana ta fitowa saboda takaba, ta fito. Tana tsaye jikin ƙarfen ƙofar tana bin kowa da kallo, hannuwanta a sake, babu komai a ciki. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta san ya roƙe ni in yanko masa nasa na ƙi, tana bakin ƙofar ɗakin ranar.

"Uwargida," na ce.

Ta dubi abin da ke hannuna.

"Kawo in riƙe maka, Kafinta. Ka gaji."

Na miƙa mata. Ta rungume shi a ƙirji da hannu biyu, ta sa gefen mayafinta ta share masa ƙurar goshi. Muka kama hanyar gida, tana gaba ina biye, inuwar mutum uku tana tafiya a jikin katanga.