Ƙwallon Atili a Ƙarƙashin Kujera

Ummusalma gajera ce, kuma ba ta musu. Tun ranar da mijinta ya bar mata tsohuwar motarsa ya koma tuƙin tirela zuwa Fatakwal, ta danna maɓallin kujera ta matso da ita gaba har ƙarshe, don ƙafarta ta kai birki. Da motar take kai ɗinki daga shagonta na titin Ali Kazaure zuwa Bukuru, wajen matan da ke ba ta aikin anko. Sai ga ciki. Na uku ke nan, biyun farko ba su zauna ba. A wata na bakwai ta danna maɓallin don ta ja baya, kujera ta yi gurnani ta tsaya cak. Ciki kullum gaba yake yi, sitiyari kuwa yana nan inda yake, har ta kai in za ta shiga sai ta riƙe numfashi.

Maƙwabciyarta ce ta tura ta wajen Baba Siman, wani rewaya, mai gyaran wayoyin mota, da ke bayan kasuwar Farin Gada. "Ya iya aiki," in ji ta, "amma ki tafi da haƙurinki. Mutumin nan akwai nawa."

Ashe gaskiya ta faɗa! Dattijon ya saurari bayaninta da kunnen dama, ya dubi cikin, ya dubi sitiyarin, ya ba ta benci. Bai ko leƙa kujerar ba. Ya buɗe gaban mota, ya kwance wayar batir, ya naɗe bakinta da tsumma. Sannan ya zo ya zauna, ya harɗe ƙafa, ya zuba wa agogonsa ido.

"Baba, lafiya? Ni fa Bukuru za ni."

"'Yata, minti goma."

"Na me?"

"Motar nan ko an cire mata batir, da sauran wuta a cikinta. Sai ta huce."

Ummusalma ta yi tsaki a ranta. Mota ce ko tukunyar dafa wake? Tana cikin wannan ƙunci sai ga Bala, makanikin garejin da ke maƙwabtaka, ƙato mai fara'a wanda ba ya iya ganin aiki ya wuce. Ya zo da ƙaramin batir da 'yar fitilar gwaji a hannu.

"Haba oga, za ka shanya Hajiya a rana? A ba injin kujerar wuta kai tsaye mana, yanzu ta tafi." Kafin a ankara ya durƙusa ya cusa hannu ƙarƙashin kujera.

Ummusalma ba ta taɓa ganin tsoho ya tashi da irin wannan saurin ba. Baba Siman ya damƙe wuyan hannun Bala ya fizgo shi waje.

"Wacce waya ka kama? Duba!"

Bala ya duba. Mai ruwan ɗorawa ce. Fara'ar ta gudu daga fuskarsa, ya ce sannu da aiki, ya koma garejinsa.

Baba Siman ya dawo benci yana haki. Ya yi mata bayani a hankali: a gefen kujerar akwai eyabag, jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum in an yi karo, akwai wata babba kuma a tsakiyar sitiyari. Wayar mai ruwan ɗorawa tasu ce. Wutar 'yar fitilar gwaji kaɗai ta isa ta tayar da su. Ya taɓa kunnensa na hagu. "Ni na taɓa yin gaggawar Bala. Shekara goma sha biyu ke nan ban ji komai da wannan ba."

Daga nan Ummusalma ta daina duba lokaci, ta koma kallon hannuwansa. Wallahi abin sha'awa. Kowane noti ya kwance sai ya ajiye shi a gwangwanin madara bisa tsari. Ya zare kan wayar mai ruwan ɗorawa da yatsu biyu, kamar yadda ita take zare zare daga lallausan yadi. Ya karkata kujerar, gefen eyabag ɗin yana kallon bango, ya haska doguwar hanyar ƙarfen da kujerar ke tafiya a kai. Sai ya fashe da dariya.

"Ga ɓarawon!"

Da ɗan tsinken ƙarfe ya zaƙulo ƙwallon ɗan itacen atili da ya maƙale tsakanin haƙoran ƙarfen. Ya sake zaƙulo wani. Har guda biyar.

"Wa ke cin atili a motar nan?"

Kunya ta kama ta, ta ja gyale ta rufe baki. "Baba, ba ni ba ce, ɗan cikin ne ke so."

Ya goge, ya shafa giris, ya mayar da komai mazauninsa. Da zai haɗa batir ya sa ta koma nesa. Ya tsaya daga waje ya miƙa hannu ya murɗa makulli, ya jira 'yar fitilar eyabag ta kama ta mutu, sannan ya danna maɓalli. Kujera ta zarce baya sumul. Daɗi ya cika ta, har ta tafa.

Amma bai gama ba. Ya yanko waya mai tsawon taƙi ɗaya da ɗan ƙari, ya miƙa mata. "Shiga. Sa wannan tsakanin ƙirjinki da sitiyari, ki ja baya har ta shige. In jakar nan ta fashe kina kusa fiye da haka, duka ne, kuma ba ke kaɗai za ta daka ba."

Ta ja baya har wayar ta shige.

"To, taka birki har ƙasa."

Ta miƙa ƙafa. Babban yatsanta ne kawai ya shafi birkin. Ta zamo, ta miƙe, ta cije leɓe. Bai kai ba.

"Baba, in matso kaɗan mana. Kaɗan kawai. Anko uku ke jirana."

"Maɓallin yana aiki, kuma a hannunki yake," in ji shi. "Ni dai ba zan ce miki babu komai ba."

Haushi ya kama ta, hawaye suka cika idonta. Ta ɗora yatsa a kan maɓallin. A daidai nan ɗan cikin ya juya, ya miƙe sosai, ya harba gaba da ƙarfi, bai tarar da komai ba sai sarari. Ta daɗe da tafin hannu a kan wurin.

Ta zare makulli ta miƙa masa ta taga.

"Baba, ajiye min ita a nan. Sai mun zo ɗauka mu biyu."