Ƙafar Manaja Tana Motsi

"Sake matsa mata ki gani," in ji Kawu. "Wallahi tana janyewa. Kullum da safe sai na gwada."

"Na gani, Kawu."

"To me ya sa kika haɗe rai kamar wadda aka ɗinka wa riga babu wuya?"

Na kasa dariya. Kawu tela ne, yayan mahaifiyata. Shi ya ɗinka mini farar rigar aikin da ke jikina ranar da na gama karatun likitan dabbobi. Kyanwar da ya kwantar a kan teburina ta marigayiya matarsa ce. Manaja ake ce mata, don a kan teburin yankan yadi take wuni tana hararar masu kawo ɗinki. Mako uku ke nan da ƙofar shagon, irin ta ƙarfen nan da ake jawowa ƙasa, ta sauka mata a gadon baya. Shi ya jawo ƙofar da hannunsa. Tun ranar, jan ƙafafunta na baya take yi a ƙasa.

Na ɗauki hantsaki. "Kawu, wannan karon kar ka kalli ƙafar. Fuskarta za ka kalla."

Na matse mata yatsan ƙafar baya, matsar da ta isa ta sa ta yage mini hannu. Ƙafar ta janye. Manaja kuwa tana can tana bin wani ƙuda da ido a jikin taga, ko kunne ba ta kaɗa ba. Sai na ɗan taɓa ƙafarta ta gaba. Nan take ta juyo ta yi mini huci.

Kawu ya ɗago ya kalle ni.

"A cikin ƙashin baya akwai laka," na ce. "Ita ce hanyar da saƙo ke bi daga ƙafa ya je ƙwaƙwalwa ya dawo. Ƙofar ta tsinka ta a tsakiya. Guntun da ya rage a ƙasa shi ke janye ƙafar, shi kaɗai, ba ya sanar da kowa. Ita ba ta ma san ana taɓa ta ba."

"Zare in ya tsinke ai ƙullawa ake yi, 'yar nan."

"Wannan ba ya ƙulluwa."

"Ke dai ƙila ranar da aka koyar da shi kina barci a aji."

Ya so ya yi murmushi, bakin ya ƙi. Na ɗaga ƙyallen da ya naɗe ta da shi, na nuna masa gyambon da ya ci cinyarta har ƙashi ba ta ji ba. Na gaya masa fitsari ya daɗe yana taruwa mata, ciwon ya hau ƙoda, shi ya sa kwana huɗu ba ta ci komai ba. Na ce abin da ya rage shi ne allurar da za ta sa ta barcin da ba farkawa, ta huta. Ina magana ina jin kamar ni ce ƙofar, ina sauka a kansa.

"Mako uku ina matse ta ina murna," ya ce a hankali. "Har maƙwabta na kira su gani. Ashe ni kaɗai nake ta abina."

Ya zauna a kan benci. Akwai guntun jan zare maƙale a gemunsa, na kasa ce masa ya cire.

"Tun da mai ɗakina ta tafi, da ita nake hira. In na koma shagon, wa zan ce wa sannu?"

Duk littattafan da na haddace, babu wanda ya yi maganar wannan.

"In na tafi da ita gida fa?"

"Ba za ta wuce kwana biyu ko uku ba. Kuma rabinta na gaba zai ji komai."

Ya daɗe yana shafa kanta da babban yatsa, tana lumshe ido. Sannan ya miƙo hannu biyu ya ɗauke ta daga teburin.

"Haɗo allurar," ya ce. "A kan cinyata za ki yi mata, ni zan riƙe ta."