Dutse na Uku a Layi na Bakwai

Tsoho Magini bai taɓa sha'awar yawon buɗe ido ba. A ganinsa, duk wanda zai ƙona mai ya je kallon ginin da ya rushe, aikin yi ne ya rasa. Amma shi da bakinsa ya matsa wa ɗansa, Likita, sai ya kai shi kufan tsohuwar fadar nan mai tafiyar awa huɗu a mota, kuma ba don Allah ya matsa ba.

Likita ya sayi fili zai gina gida, ya ba ɗan kwangila aikin tun daga harsashi har rufi, ko "zo ka duba" bai ce wa ubansa ba. Shekara hamsin tsohon yana ɗora dutse kan dutse, da cokalin ginin nan ya kai yaron makarantar likitanci, amma da ya roƙi a bar masa ko katangar gidan ce, sai aka ce ya huta, ginin yanzu na masu takarda ne. Wannan "ya huta" ta tsaya masa a wuya wata uku cur. Shi ya sa yake so ya nuna wa yaron wani abu da idonsa.

Sun isa da hantsi. Aka yanka musu tikiti, aka haɗa su da wasu baƙi kusan ashirin, kowa da hular rana da gorar ruwa, aka miƙa su ga ɗan jagora, wani siririn mutum mai lema ja da 'yar lasifika a rataye a wuya. Bakin mutumin nan ba ya hutawa. Ya nuna musu zauren da sarki yake zama, wanda babu abin da ya rage a cikinsa sai guntayen ginshiƙai da ƙadangaru. Ya nuna musu wurin wankan sarauniya, wani busasshen rami da iska ta tara wa ledoji. Ya kai su ɗakin bauta, inda gumaka shida suke zaune a jere, babu mai kai ko ɗaya. Komai ya taɓa da bakin lemarsa sai ya ce shekararsa ɗari tara, baƙi kuma su ɗaga waya su ɗauki hoto.

Tsoho Magini ba ya kallon inda ake nunawa. Gindin bango yake bi yana tsugunawa, yana murza tsohon kwaɓi a tsakanin yatsu, yana gunaguni cewa maginan sarkin nan sun yi ha'incin harsashi, ba mamaki abin ya zube. Likita ya dinga jan hannun rigarsa yana cewa a hankali ya bari, mutane na kallo.

Daga ƙarshe aka fito wani fili a bayan ɗakin bautar, sai ga katanga. Ita kaɗai ce a tsaye a duk wurin, doguwa, miƙaƙƙa, duwatsunta sun rungumi juna ko allura ba za ta shiga ba, sai dai samanta a karye yake, hawa da sauka kamar haƙoran tsohuwa. An kewaye ta da igiya. Ɗan jagora ya sassauta murya, ya ce bayi dubu ne suka gina ta, masana sun zo daga ƙasashe sun auna sun kasa gane sirrinta, kuma ilimin ya mutu tare da masu shi.

Tsohon ya gane katangarsa. Shekara arba'in da biyu ke nan da hukuma ta ɗauko shi da magina biyar, aka nuna musu tsibin duwatsu a wannan filin, aka ce su tayar. Wata takwas suka yi suna sassaƙa suna jerawa. Saura layi uku ya kai ta sama ya ɗora mata hula, sai wani babban jami'i mai baƙin tabarau ya zo ya ce a tsaya, kufai ake so, ba sabon gida ba. Har sa su ya yi suka sauke wasu duwatsun don saman ya yi kama da abin da ya rushe da kansa. A duk gine-ginen da ya yi a rayuwarsa wannan ce ta fi kyau, kuma ita kaɗai ce aka hana shi gamawa. Bai taɓa ba kowa labarin ba, don a wurinsa aikin da ba a gama ba abin kunya ne.

Likita ya tsaya baki buɗe, ya ɗauki hoto uku, sannan ya juyo.

"Baba, ka ga gini. Mutanen da ne kawai suka iya irin wannan."

"Ni na gina ta," in ji tsohon.

Ya so ya faɗa a hankali, amma kunnen da ya sha ƙarar guduma bai san a hankali ba. Kowa ya ji. Wata mata ta kama baki, ɗan jagora ya yi murmushi ya ce ta lasifika ashe yau suna tare da baƙo mai shekara ɗari tara, a tafa masa. Aka kuwa tafa. Likita ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya shiga ba mutane haƙuri, yana cewa tsufa ne, ga rana, ga doguwar tafiya.

Wannan haƙurin da aka bayar a madadinsa ya fi dariyar ciwo. Tsohon ya matsa kusa da katangar. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar, ya nufi kusurwar hagu, ya ƙirga layi bakwai daga ƙasa, ya ƙirga dutse uku daga kusurwa. Kowane magini da irin hannunsa: shi duk ginin da ya yi sai ya bar dutse ɗaya babu kwaɓi, ya ajiye murfin kwalbar lemon da ya sha ranar a bayansa. Ya danna gefen dutsen da tafin hannu, ya girgiza, dutsen ya zaro sumul kamar aljihun tebur. Ya zura hannu ya fito da murfin, ya yi tsatsa, amma har yanzu ana ganin jan fentinsa.

Ya ɗaga shi sama ya tambayi ɗan jagora ko sarkin nasa lemon kwalba yake sha.

Ba wanda ya tafa wannan karon. Mai gadi ne ya busa usur ya taho a guje. Likita kuwa ko motsi bai yi ba, don ya san dutsen nan. Akwai irinsa a katangar gidan da ya tashi, layi na bakwai, na uku daga kusurwa, a nan ya riƙa ɓoye takardar jarrabawa duk zangon da bai ci lissafi ba. Duk shekarun nan yana zaton shi ya gano wurin, ashe mai ginin ya fi shi sani.

A ofishin shugaban wurin, ƙarƙashin fanka mai kuka, aka ajiye dutsen da murfin a kan tebur. Shugaban mutum ne mai hankali. Ya daɗe yana kallon murfin, sannan ya buɗe aljihun tebur ya jefa shi ciki ya kulle. Ya ce ba za a kira 'yan sanda ba, albarkacin furfura, in dai dattijo zai sa hannu a takarda cewa ya taɓa kayan tarihi mai shekara ɗari tara bisa kuskure. Tsohon ya ce a ba shi dutsen ya mayar inda ya ciro, minti ɗaya ne. Shugaban ya ce ina, ai ba mai taɓa wannan katanga sai ƙwararre mai takarda, za a rubuta a turo. Tsohon ya sa hannu, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Suka kama hanyar gida, suka yi tafiyar awa guda. Tsohon yana satar kallon ɗansa, yana jira. Can Likita ya yi gyaran murya, ya ce wallahi bai sani ba, Baba ya yafe masa, kuma ya yi wani tunani. Tsohon ya gyara zama, har ya fara lissafa a ransa yawan yashin da katangar gidan za ta ci.

"Gidan dai an riga an ba ɗan kwangila," in ji Likita. "Amma akwai fili a lambu, wajen da za a zauna da baƙi. Ka gina mini irin waccan, Baba. Ƙarama. Da karyayyen saman nan nata, kamar ta rushe. Shi ne ma ya fi burge ni."

Tsoho Magini ya kalli hannuwansa, har yanzu da ƙurar dutsen a ƙarƙashin farce. Bayan shekara arba'in da biyu, an sake kiransa aiki, kuma aikin dai shi ne na wancan mai baƙin tabarau, sai dai wannan karon ɗan cikinsa ne yake ba da umarnin. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, ya juya yana kallon gonakin da ke wucewa har idonsa ya bushe.

"Zan gina," ya ce. "Amma sai na kai ta sama na ɗora mata hula. In kufai kake so, ka jira shekara ɗari tara."