Ranar da Hannun Odita Ya Yi Tsawo

Zazzaɓi ya kwantar da ni bayan azahar, irin wanda ke sa mutum ya ga rufin kwano yana numfashi. Na jawo rediyo kusa da tabarma don kada in ji shirun gidan. Mai karanta labarai yana cewa majalisar jiha ta ƙara wa Odita ƙarfi, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati. Daga yanzu zai shiga inda ya so, ya kira wanda ya so, ya karɓo bashin gwamnati da kansa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na karanta tarihin dauloli da yawa, ban taɓa cin karo da wadda ta fara karɓar bashi daga gidan sama ba. Ina cikin wannan tunani idona ya yi nauyi.

Sai na ji ƙarar keken ɗinki.

Keken matata Kuluwa ne, wanda ban yaye zanen da ke kansa ba tun rasuwarta. Ya fito daga ɗakinta yana takawa da ƙafafunsa na ƙarfe, ya tsaya a kaina.

"Malam, tashi ka raka ni. An kira ni."

"Wa ya kira ka?"

"Masu ni mana. Ka manta rancen gwamnati ne ni? Ba ta gama biya ba ta tafi."

Da muka fita babu hanya. Garin ya zama yadi a shimfiɗe, gidaje kamar ƙyallayen da aka yanka ba a haɗa ba. Keken yana gaba yana ɗinka mana turba da baƙin zare, ina biye. A sama, inda wayoyin lantarki suke a da, wani hannu ne dogo cikin farar riga, ya ratsa unguwa bayan unguwa. Na ga ya shiga aljihun wani kansila ya zaro ajin makaranta a ninke, allonsa ko alli bai taɓa gani ba. Na ga ya ɗaga hular wani ɗan kwangila, rijiyar burtsatse ta faɗo, a bushe. Da ya isa gidaje masu doguwar katanga kuwa, sai ya ƙwanƙwasa a hankali, ya yi gaisuwa, ya juya.

"Har a nan ma?" na ce.

"Sabo ne, bai gama koyon hanya ba," in ji keken.

"Ya koya sarai."

Turbar ta kai mu cikin wani ƙaton rumbu da babu ko ƙwayar hatsi. A tsakiya Odita yana zaune, ɗan ƙaramin mutum mai jajayen idanu, hannunsa ya fita ta bakin rumbun. Ga tuwo a gabansa ya huce, hannun ya yi tsawon da ba ya iya dawowa baki.

"Ranka ya daɗe, har ina hannun nan yake kaiwa?"

"Doka ta ce ko'ina."

"Har maƙabarta?"

Ya ɗan yi tunani. "Ba a rubuta ban da can ba."

Sai dabara ta faɗo min: in ga Kuluwa ko sau ɗaya ne.

"To ina ƙarar matata. Gwamnati na bin ta kuɗin keken nan. A kira ta."

Hannun ya sauko ya nutse cikin ƙasa kamar guga a rijiya. Jim kaɗan rumbun ya cika da ƙanshin turaren wutarta. Wani asabari ya bayyana a bango, a bayansa na ji taku, ƙafar hagu tana ɗan ja kamar yadda take yi in ta gaji. Inuwarta ta faɗo a kan asabarin. Na miƙe.

Sai hannun ya tsaya cik.

"Akwai magana a kan bashin nan," Odita ya ce. "Ranar da za a yi mata salla, liman ya tambayi jama'a ko akwai mai bin ta. Wani ya tashi ya ce duk abin da ake bin ta ya ɗauka."

"Ni ne. Kowane miji haka yake cewa."

"Kowane miji haka ake rubuta masa. Ita ba a bin ta komai, kai ake bi. Ba ni da ikon shigo da wanda ba a bi, sai fa in ka janye maganarka."

"Na jan..."

"Malam," keken ya katse ni. "Kai da ka yi karatu. Mamacin da ake bi bashi a rataye yake, ba ya kwanciya har sai an biya."

"In na gan ta, gobe in biya."

"Wanda ya janye ba a sake karɓa daga hannunsa," in ji Odita. "Sai ita ta biya da guminta."

"Kuma can ba a kawo ɗinki," keken ya ƙara. "Kowa da nasa yake zuwa a ɗinke, ba ya sauyawa."

Daga bayan asabarin muryarta ta fito, da ɗan nauyin barci.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne."

"Na ji gardama, na ce ba ya wuce kai. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya kake. Muryarka ma ta rame." Ta yi hamma. "Barci nake mai daɗi, wanda ban taɓa samun irinsa a gidanka ba saboda tarinka. Lafiya aka tashe ni?"

Na matsa kusa. Tsakanina da fuskarta karan asabari ne kawai, ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasa, da lallen da bai gama gogewa ba.

"In kana so in shigo, sai in shigo," ta ce. "Ai ban taɓa ƙi maka ba."

Gaskiyarta. Da ta taɓa ƙi ko sau ɗaya, da na sami abin riƙewa na ce shigo.

"Koma ki kwanta, Kuluwa. Kuskuren ofis ne."

"Su dai ba sa rabuwa da kuskure. To, a rufa da mayafi."

Yatsun suka juya. Na dubi Odita.

"Bashin nawa ne, ban janye ba."

Hannun ya fito daga ƙasa, da ɗumin inda ya taɓo, ya ratso rumbun ya sauka a ƙirjina. Nauyinsa ya danne ni har na kasa jan numfashi.

Na farka firgigit, jiƙe da gumi, hannuna ne a kan ƙirjina. Na riƙe numfashi na kasa kunne ko zan kama ƙarshen takunta, sai ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar, ya rufe komai.